Ƙarin Nauyi Sannu Sannu: Tarihin Masu Neman Ƙarfi

Ƙasar Batsari da ƙasar Safana suna yamma maso kudu da birnin Katsina, sun jingina da Dajin Rugu wanda ya shiga tsakanin Katsina da Zamfara. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Ƙasa ce mai duwatsu da fadamu, ana noma gero da dawa da gyaɗa da rogo, ana kuma kiwon shanu a bakin daji. Tun zamanin da mutanen wannan yanki ba su saba da zaman hutu ba. Bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina cikin 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa Maraɗi, sai ƙasar Ruma ta zama bakin daga, yau hari gobe hari. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Zakka cikin 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, daga nan ayarinsu ya kutsa daji ana sauri don tsoron mahara. Wannan ƙasa ce kuma ta haifi Ɗanwaire, barden da har yau a ke ba da labarinsa.

A irin wannan wuri ƙarfin jiki jari ne. Da mai noma, da maƙeri, da mai haƙar rijiya, da mai dakon kaya ran kasuwa, ko wannensu da ƙwanjinsa ya ke ci. In ƙwanjin ya sami lahani gida ya shiga uku, gama manomin da bayansa ya riƙe a farkon damina ya yi hasarar abincin shekara ke nan. Saboda haka akwai wata tambaya wadda ta dami masu aikin ƙarfi na ko wace ƙasa tun fil azal. Mutumin da ya iya ɗaukar kaya kaza yau, nawa ya kamata ya ƙara don ƙarfinsa ya ci gaba, kuma yaushe zai ƙara? In ya ƙi ƙarawa, ƙarfinsa ya tsaya inda ya ke. In ya ƙara da yawa, ya ji ciwo. An yi shekara fiye da 2,000 ana neman amsar wannan tambaya.

Tsarin kakanni

Mutanen da ba su da sikeli, amma suna da tsari. Yarinya ba ta fara ɗibar ruwa da babban tulu. Da 'yar ƙwarya ta kan fara, ta koma ɗan ƙaramin tulu, sai wuyanta ya yi ƙwari sa'an nan a naɗa mata gammo a aza mata tulun manya. Yaro kuwa maƙeri kan ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, ya yi shekaru yana bin bayan ubansa a kunya kafin a danƙa masa garma. Da kaka a kan ɗaura masa ɗan ƙunshin zangarniya, baɗi a ƙara masa, har ranar da zai kai cikakken dami bakin rumbu shi kaɗai. Ba mai rubuta wannan ƙari, girman yaron shi ke auna shi.

Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro su ma suna da tasu dabara. Tafiyar wata da watanni ce, amma madugu ba ya yin doguwar tafiya ran fita. Zangon farko kusa da gari a kan yi shi, don a ga kayan da bai ɗauru daidai ba a gyara, mutane da jakuna kuma su saba da nauyi kafin a shiga daji. Da Turawa suka zo sai suka yanka wa 'yan alaro ƙa'ida, kayan mutum guda kimanin laba 60, watau wajen kilo 27, da shi za a yini ana tafiya. Wannan sabo da ɗaukar kaya a ka ya yi rana a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da rundunonin Afirka ta Yamma suka shiga dazuzzukan Bama daga 1943, inda mota ba ta iya bi, mazaje suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci bisa kawunansu.

Masu horon shanun huɗa su ne suka fi fito da tsarin a fili. Tun daga wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta shiga koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. Ba a kama ɗan bijimi a ɗaura masa garma ran farko. Sai ya saba da igiya, sa'an nan ya saba da karkiya a wuya ba ya jan kome, sa'an nan a ɗaura masa gungume ya yi ta ja kwana da kwanaki, kana a kai shi gona mai taushi. Wanda ya tsallake mataki ɗaya ya kan sami sa mai kwanciya a kunya, ko mai gyambo a wuya.

Haka 'yan kokawa. Bayan girbi, in an fita dandali, yaro da sa'ansa ya ke kamawa, in ya ka da sa'o'insa duka a haɗa shi da wanda ya ɗara shi kaɗan. Ta wannan tsani a ke hawa har a zama gwani. A ƙasar Nijar an mai da abin gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa cikin 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin.

Masana na zamani sun auna amfanin irin wannan sabo. Cikin 1986 waɗansu masu bincike suka gwada matan Luwo da na Kikuyu a ƙasar Kenya, waɗanda suka tashi da ɗaukar kaya a ka tun suna yara. Suka tarar mace ta kan ɗauki kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinta ba tare da ta ƙona ƙarfi fiye da na tafiya hannu sake ba, kuma waɗansu kan ɗauki har kashi 70. Sai dai tsarin kakanni yana da iyaka. Shekaru ya ke ci, kuma tun ana yaro a ke shiga. Bai faɗi abin da baligi zai yi ba in yana son ƙarfi cikin 'yan watanni, ko majinyacin da ƙafarsa ta shanye bayan doguwar kwanciya.

Milo da ɗan maraƙi

Tsohon labarin da aka fi sani game da ƙarin nauyi daga Girkawa ya fito. A wani gari nasu mai suna Kuroton, a kudancin Italiya, an yi wani ɗan kokawa ana ce da shi Milo. Ya ci kokawar yara a wasannin Olimfiya cikin shekara ta 540 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'an nan ya ci ta manya sau biyar a jere, daga 532 zuwa 516. An ce asirin ƙarfinsa ɗan maraƙi ne. Tun ranar da aka haifi maraƙin ya ke saɓa shi a kafaɗa ya yi yawo da shi, kullum haka, maraƙi na girma ƙarfin Milo na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗauke da bijimi.

Ko wane makiyayi na bakin Rugu zai gane hikimar labarin, zai kuma gane inda ya gaza. Ɗan maraƙin farar saniya ba ya cika wuce kilo 25 ran haihuwa, kuma abin da ya ke ƙarawa a yini a kiwon daji bai kan kai rabin kilo ba. Ƙari ne wanda kafaɗa ba ta ji. Wannan ita ce hikimar. Amma sa ba ya jiran mai ɗaukarsa. Zai yi ta girma har ya wuce kilo 300, alhali ƙarfin ɗan Adam gudu ya ke yi da fari, daga baya ya koma tafiya, daga nan ya koma rarrafe. Akwai ranar da sa zai tsere wa mutum kome naci. Abin da mai neman ƙarfi ya ke bukata shi ne maraƙin da zai girma in an ce ya girma, ya tsaya in an ce ya tsaya.

Girkawa sun kuma ba da labarin ƙarshen Milo. Wai da ya tsufa ya tarar da wani kututture wanda masu faskare suka fara tsagawa suka bari, ya sa hannu zai ƙarasa da ƙarfin tsiya, itacen ya haɗe ya kama masa hannuwa, namun daji suka same shi a nan. Ko labarin gaskiya ne ko almara, manufarsa ita ce, mutum ya auna kaya da ƙarfinsa na yau, kada ya auna da na bara.

Faifan ƙarfe

Shekaru aru aru masu gwada ƙarfi da duwatsu su ke yi. A Olimfiya an tono wani dutse mai nauyin kilo 143, da rubutu a jikinsa mai cewa wani Bibon ya ɗaga shi. Aibin dutse shi ne ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wanda ya fi ƙarfin ƙaramin dutse, babban kuma ya fi ƙarfinsa, ya tsaya ke nan a tsakani ba mataki. Ko da aka fara zuba dunƙulen ƙarfe a Turai matsalar ba ta kau ba, don ko wane dunƙule nauyinsa guda ne.

Wani likita na birnin Boston a Amurka, George Windship, yana cikin waɗanda suka fara warware ta. Cikin 1865 ya yi rajistar wani ƙarfen ɗagawa wanda a ke zura wa faya-fayan ƙarfe a cire, ana iya kai shi daga laba 8 zuwa laba 101, ana ƙara rabin laba rabin laba. Cikin 1902 kuma Alan Calvert ya buɗe masana'anta a Filadelfiya ta ƙera doguwar sandar ƙarfe da faya-fayanta, ya sa wa kamfanin sunan Milo. Maraƙin da a ke nema ya samu ke nan.

Da kayan aiki suka samu sai tambayar ta rabu biyu. Masu ɗaga ƙarfe ba sau ɗaya su ke ɗagawa su tafi gida ba. Mutum kan ɗaga sau biyar ko sau goma a jere, ya ajiye ya huta, ya sake komawa. Ko wane jeri guda kamar zango ne a tafiyar fatake, don haka a nan za a kira shi zango. To, nawa za a ƙara tsakanin zango da zango a yini guda? Nawa kuma za a ƙara tsakanin mako da mako? Ko wane gwani da irin tasa amsa, ba mai hujja sai ƙwanjinsa.

Likitan soja da zango uku

Amsa mai lissafi daga asibiti ta fito. Thomas DeLorme mutumin Alabama ne a Amurka. Yana saurayi ya yi wani zazzaɓi mai taɓa zuciya, ya yi watanni a kwance, likitoci suka hana shi aikin ƙarfi. Da ya tashi sai ya harhaɗa tsofaffin ƙarafa ya riƙa ɗagawa har ya zama ƙaƙƙarfa, daga baya shi ma ya zama likita. Cikin 1944 aka kai shi asibitin soja na Gardiner a Shikago, ya tarar da ɗakuna cike da sojojin da aka yi wa aiki a gwiwa ko aka ɗora musu karaya. Rauni ya warke, amma cinya ta shanye, mutum ba ya iya tsayuwa sosai. A lokacin nan abin da a ke ba su shi ne motsi mara nauyi, sau da yawa, kuma su kan yi watanni ba su koma bakin aiki ba.

DeLorme ya ce nauyi ne ke kawo ƙarfi. Ya riƙa ɗaura wa majinyaci takalmin ƙarfe wanda a ke ƙara wa faifai, ya zaunar da shi bakin tebur ya ce ya miƙe ƙafa. Abu na farko shi ne a nemo nauyin da mutumin zai iya ɗagawa sau goma cif, na sha ɗaya ya gagara. Wannan shi ne ma'auninsa, kuma ko wane mako a kan sake nemansa, don yana ƙaruwa. Ya buga sakamakon aikinsa cikin 1945. Da fari zango bakwai zuwa goma ya ke sa su yi, amma ya ga abin ya yi yawa. Cikin 1948, shi da abokin aikinsa Likita Arthur Watkins suka taƙaita shi zuwa zango uku, ko wanne ɗagawa goma. Zangon farko da rabin ma'auni, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da ma'aunin duka.

Ga misali. Mutum ya gwada ya ga kilo 40 ne ya ke iya ɗagawa sau goma. Zai fara da kilo 20 sau goma, ya huta, ya koma kilo 30 sau goma, ya huta, sa'an nan ya fuskanci kilo 40. Zango biyu na farko share fage ne. Suna ɗumama tsoka da gaɓoɓi, suna tuna wa jiki hanyar da ƙarfen zai bi, kuma suna ba mutum labarin halin da jikinsa ke ciki ran nan tun nauyi bai kai na yin lahani ba. Wanda ya ji kilo 30 ya yi masa nauyin da bai saba yi ba, ya san yau ba ranar ƙari ba ce. Dabarar madugu ce ta gajeren zangon farko, aka sa mata lissafi.

Tsarin ya yi aiki ƙwarai. Sojoji suka riƙa tashi da wuri, aka kuma yi amfani da shi ga masu shan-inna a Boston. Cikin 1951 likitocin biyu suka wallafa littafi a kansa. Daga nan ne al'adar zango uku na goma goma ta bazu cikin duniya, har yau ana bin ta a wuraren motsa jiki, ko da yawancin masu bin ta ba su san daga gadon asibiti ta fito ba.

Gardamar likitoci

Ba kowa ya yarda ba. Cikin 1951 wani likita a Okusfod ta Ingila, Zinovieff, ya ce majinyatansa kan gaji tun ba su kai zango mai nauyi ba. Sai ya juya tsarin. Bayan ɗan motsa jiki a fara da ma'aunin duka tun ƙarfi na nan, sa'an nan a riƙa rage kaɗan kaɗan a ko wane zango yadda gajiya ke ƙaruwa. Aka daɗe ana gardama tsakanin masu hawa da masu sauka. Cikin 2003 waɗansu likitoci a Amurka suka raba mutane kashi biyu, suka gwada hanyoyin nan har mako tara. Duka ɓangarorin suka ƙaru da ƙarfi, bambancin da ke tsakaninsu kuma bai kai a kafa hujja da shi ba.

Wanda ya kawo sabon abu shi ne Kenneth Knight, mai kula da raunin 'yan wasa a Amurka, cikin 1979. Ya lura cewa jiran mako guda kafin a sake ma'auni ya yi wa mai saurin warkewa nisa, ya kuma yi wa mai jinkiri kusa. Sai ya shirya zango huɗu. Na farko rabin nauyin aiki sau goma, na biyu kashi uku cikin huɗu sau shida, na uku nauyin duka, mutum ya ɗaga iyakar abin da ya iya. Yawan abin da ya ɗaga a zango na uku shi zai yanke nauyin na huɗu. In sau biyar ko shida ya samu, a bar nauyin yadda ya ke. In ya kai takwas ko goma, a ƙara laba 5 zuwa 10, watau kilo 2 zuwa 4 da ɗoriya. In bai wuce biyu ba, a rage kamar haka. Abin da ya yi a zango na huɗu kuma shi zai nuna nauyin da zai yi aiki da shi ran da ya dawo. Ta haka jikin mutum ne ke faɗin ƙarin, ba son zuciyarsa ko kirarin 'yan kallo ba.

Cikin 2002 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta tattara binciken da aka yi ta fid da shawara, ta kuma maimaita ta cikin 2009. Ta ce in mutum ya iya wuce adadin da ya sa wa kansa da ɗagawa ɗaya ko biyu, to, ya ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na nauyin. Dalilin yin lissafi da kashi a fili ya ke. Kilo 5 a kan kilo 20 rubu'i ne, tsalle ne babba. Kilo 5 ɗin nan a kan kilo 100 kashi ɗaya ne cikin ashirin. Faifai ɗaya ne, amma ba ƙari ɗaya ba ne.

Ƙari a fagen gasa

Ba inda zaɓen ƙari ya ke da tsada kamar fagen gasa. Ɗaga ƙarfe yana cikin wasannin Olimfik tun na farko na zamani, a Atina cikin 1896, mata kuwa an shigar da su cikin 2000. Ɗagawa iri biyu a ke yi, ko wane iri mutum yana da gwaji uku kacal, nauyi kuma gaba ya ke yi, ba ya komawa baya. Wanda ya fara da abin da ya fi ƙarfinsa ya faɗi sau uku, ya tashi a tutar babu. Wanda ya yi rowar ƙari kuma wani ya wuce shi. Saboda haka gwanaye kan fara da nauyin da suka tabbata za su ɗaga ko da ba su jin daɗin jikinsu, su yi matsakaicin ƙari a na biyu, su bar kasada sai a na uku.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan a Sidni cikin 2000. A ajin mata masu nauyin kilo 75, Ruth Ogbeifo ta haɗa jimlar kilo 245. 'Yar Kolombiya, Maria Isabel Urrutia, ita ma 245, haka kuma Kuo Yi-hang ta Taiwan. Dokar lokacin ta ce in an yi kunnen doki wadda ta fi rashin nauyin jiki ita ce gaba, sai zinariya ta tafi Kolombiya, Ruth ta sami azurfa. A zamanin nan mafi ƙanƙantar mataki a jimla kilo 2 da rabi ne, kuma mataki guda ɗin nan shi ya raba ta da zinariya. Cikin 2005 aka sake doka, aka mai da matakin kilo 1.

A wasannin naƙasassu, inda a ke kwanciya rigingine a tura ƙarfe sama daga ƙirji, 'yan Nijeriya sun yi suna ƙwarai. A Landan cikin 2012 Yakubu Adesokan, wanda nauyin jikinsa bai wuce kilo 48 ba, ya tura kilo 180, watau ya fi buhu uku da rabi na siminti. A Faris cikin 2024 Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, abin da ba macen da ta taɓa yi a ajinta kafin ran nan. Daga ƙarfen Windship mai rabin laba zuwa dokar kilo 1, abin lura shi ne, duk sa'ad da mutum ya kusanci iyakar ƙarfinsa sai matakinsa ya ƙanƙance.

Ƙarfen siminti

A garuruwan ƙasar Hausa samari da yawa sun ɗauki ɗaga nauyi. Faya-fayan kanti suna da tsada, don haka a kan cika gwangwanin fenti biyu da kwaɓaɓɓen siminti, a soka bututun ƙarfe a tsakani, in ya bushe an sami abin ɗagawa. Dabara ce mai kyau, amma ta mai da mai ita zamanin dutsen Bibon, gama siminti ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In akwai ƙarami da babba a zaure guda, tazarar da ke tsakaninsu ta kan yi yawa, abokai kuwa suna tsaye suna zuga. A nan a ke samun targaɗen kafaɗa da ciwon baya, wani ma gwaiwa ta sauko masa. Abin ya fi muni ga wanda ba shi da wani jari sai jikinsa. Harin 'yan bindiga, musamman cikin 2019 da 2020, ya raba mutane da yawa na Batsari da Safana da gonakinsu, kuma wanda ya rasa gona ya koma dako ko leburanci, buhun taki mai kilo 50 da na masara mai kilo 100 ba su san sabon hannu ba.

Maganin ba shi da tsada. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, don haka jarka ma'auni ce wadda a ke iya ƙarawa kofi kofi. Ana kuma iya ɗinka 'yan jakunkuna a cika su da yashi, a auna su a sikelin mahauci su zama rabin kilo ko kilo guda, a riƙa rataya su biyu biyu a bakin sanda, dama da hagu daidai wa daida. Sauran kuwa abin da tarihin nan ya koyar ne. Mutum ya fara sanin ma'auninsa, watau abin da ya ke iya ɗagawa sau goma ba tare da ya karkace ba. Ya fara ko wane yini da rabinsa. Manyan matakai a ƙasa a ke yin su, inda nauyi bai kai na lahani ba, in an matso sama a gajarta taki. Kada a ƙara sai an wuce adadin da aka sa da ɗaya ko biyu, ƙarin kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, a aikin hannu da kafaɗa ma ya fi kyau ya gaza haka nesa. Ran da zangon tsakiya ya yi nauyin da bai saba ba, saboda rashin barci ko zazzaɓi ko yinin noma, sai a tsaya nan. Gajiyar tsoka ba kome ba ce, amma suka mai tsini a gaɓa ko a baya alama ce ta a ajiye, in ta daɗe a je asibiti. Kada kuma mutum ya kwanta ƙarƙashin nauyi ba wani tsaye kusa da shi.

Wanda ya ƙara kilo guda ko wane mako biyu, abokansa za su yi masa dariya da fari. Amma shekara mako 52 ce, in Allah ya ba shi lafiya ya wayi gari ya ƙara kilo 26, kusan kayan ɗan alaro guda, bayansa kuma lafiya lau ran da ruwan shuka ya sauka. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.